Raha wadda ba ta barin tabo a zuciya

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, wasu daga cikinmu sun ɗauka cewa ɗaure fuska alamar tsoron Allah ce, har magidanci ya shigo gida yara su yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Wannan ba koyarwar Annabi (SAW) ba ce. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa sahabbai sun ce masa yana yi musu raha, sai ya amsa cewa shi ba ya faɗin komai sai gaskiya.

Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, sai ya ce zai ɗora shi a kan ɗan raƙuma. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan raƙuma, sai Annabi ya tuna masa cewa ai kowane raƙumi, komai girmansa, raƙuma ce ta haife shi. Wasa ne da kalma, babu ƙarya a ciki, kuma babu wanda aka muzanta.

Mu Hausawa mun gaji irin wannan. Kaka tana kiran jikanta maigidana tana ƙorafin bai kawo cefane ba, taubasai suna tsokanar juna, Bafillace da Babarbare ba sa haɗuwa su rabu ba a dara ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke tsallake iyaka a wurin aiki da kasuwa: a ɓoye wayar abokin aiki har gumi ya karyo masa, ko a laƙaba wa yaron shago suna saboda in'inarsa, kowa yana dariya shi kuwa yana haɗiye baƙin ciki domin ba shi da ikon tankawa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma Abu Dawud ya ruwaito hanin ɗaukar kayan ɗan'uwa, da wasa ko da gaske.

Ku dubi yadda Annabi ya yi wasa a kasuwa da Zahir, baƙauyen da ba shi da kyawun sura. Ya tarar da shi yana sayar da hajarsa, sai ya rungume shi ta baya, ya ce wa zai sayi wannan bawa. Wannan ma ba ƙarya ba ce, domin kowa bawan Allah ne. Zahir, da ya gane mai maganar, sai ya ƙara manna bayansa da ƙirjin Annabi, ya ce ai kuwa za ka same ni kaya marar kasuwa, ya Manzon Allah. Annabi bai bar maganar ta wuce a haka ba, ya ce masa a wurin Allah shi mai tsada ne.