Daga Ehrenberg zuwa Potiskum: wa ke biyan kuɗin nisa?

Akwai wani ɗan gari da ake kira Ehrenberg a ƙarshen jihar Arizona ta Amurka, daidai bakin kogin Kolorado. Bai kai wasu ƙauyukanmu girma ba, amma duk direban da ya nufi Kalifoniya ta babban titin I-10 ya san shi, domin nan ake cika tanki kafin a hau gada. Da ka tsallaka ka shiga Blythe, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, sai ka ga allon gidan mai ya ƙara dala guda ko fiye a kan kowane galan. Shekara shida ke nan ina jan tirela daga Houston zuwa can, kuma har yau idan na ga ƙananan motoci sun yi cincirindo a bakin gadar nan sai Illela da Ƙonni su faɗo min a rai, lokacin da jarkokinmu ke tsallakawa Nijar. Bambancin kawai, nan ba mai kiran abin fasa-ƙwauri.

Tawa motar gas take sha. Su kuwa a nan fetur suke ce wa gas, abin da ya kusa sa ni ɗura wa motar wani abokina ajalinta a makona na farko.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, kwanakin baya muna waya da Yaya, yana Potiskum, ya dawo daga gidan mai ransa a ɓace. Ya ce, "Kai ka huta. Ku can ƙasa ce mai tsari, farashi ɗaya ne ko'ina." Na ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, wallahi ba haka ba ne." A watan Yunin 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, galan ɗaya ya haura dala 5 a matsakaicin lissafin ƙasar nan karon farko a tarihi. A Kalifoniya ya wuce dala 6, mu a Texas bai kai 5 ɗin ba. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, rana ɗaya.

Sai dai a nan idan ka tambayi dalili, ana iya lissafa maka shi da yatsu. Gwamnatin tarayya na karɓar santi 18.4 (santi ɗari ne dala ɗaya) a kan kowane galan, kuma tun 1993 ba ta ƙara ba. Kowace jiha kuma ta ɗora nata: Texas santi 20, Arizona 18, Kalifoniya wajen 60, ban da wasu kuɗaɗen kare muhalli. Sannan Kalifoniya ta kafa doka cewa sai wani haɗin fetur na musamman mai rage hayaƙi za a sayar a cikinta, wanda ba kowace matata ke yin sa ba, ga shi babu bututun da ke kawo mata tataccen mai daga gaɓar Texas da Luwiziyana, inda kusan rabin ƙarfin tace man ƙasar yake. Matata ɗaya ta samu matsala a can, farashi ya yi sama. Mutumin Los Angeles yana ƙorafi, ƙwarai kuwa, amma tsadar nan 'yan majalisar da ya zaɓa ne suka ɗora masa, kuɗin harajin kuma ana zuba su a tituna, albashinsa mafi ƙanƙanta ya ninka na mutumin Texas. Jihohi irin su Misisipi, inda talauci ya fi yawa, su ne kan sha mai da araha.

Mu namu a kife yake. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kwana biyu bayan nan NNPC ya fitar da sabon farashi: Legas naira 488, Abuja 537, Maiduguri 557. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura dubu a arewa. Ka dubi jerin nan da kyau, za ka ga taswira ce kawai: iya nisanka da teku, iya abin da za ka biya. Wanda ya fi kowa biya shi ne mutumin Borno da Yobe, wanda yaƙi ya ɗaiɗaita wa gona da kasuwa. Ƙarin da yake biya kuma ba haraji ba ne da zai dawo masa a matsayin kwalta ko asibiti. Kuɗin taya ne, da gas ɗin tanka, da kwanakin da direba zai yi a hanya, da na goro a kowane shinge.

Wannan na san shi tun ina yaro, don mahaifinmu direban tanka ne. Idan ya tafi lodi Legas, Inna ba ta sa ran ganinsa sai bayan mako biyu, wani lokaci uku. Layin lodi kaɗai ya cinye kwanaki. Ya dawo idanu jajur, riga duk warin mai, ya zauna a kan tabarma yana lissafin tayoyin da ramukan Mokwa zuwa Tegina suka ci masa. Sama da kilomita 1,500 ke tsakanin Legas da Maiduguri, kuma kowace lita da ɗan acaɓa ko mai Keke Napep zai saya a can, a bayan mota irin ta Baba ta yi wannan tafiyar.

Nan Amurka nisa ya fi namu, amma mai ba ya hawa mota sai a zangon ƙarshe. Bututun Colonial kaɗai yana ɗaukar tataccen mai daga Houston har zuwa New Jersey. Ban san darajarsa ba sai a watan Mayun 2021, da masu kutsen kwamfuta suka sa aka rufe shi na kusan mako guda. Ina Jojiya a lokacin. Layi na gani irin namu na gida, har da masu jarka, har da faɗa a bakin famfo, saura 'yan bumburutu kawai. Na yi dariya ni kaɗai a cikin mota. Ashe ba wani haƙuri ko tarbiyya suka fi mu ba, bututu ne.

Abin takaicin, mu ma muna da shi. An buɗe matatar Kaduna a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana, aka shimfiɗa bututu daga can zuwa depo-depo na Kano, Gusau, Jos, Gombe har Maiduguri. Waɗanda suka tsara wannan sun san arewa nesa take da teku, sun kuma yi mata magani. Yau matatar ta shekara da shekaru ba ta tace komai, bututun kuma ɓarayi da tsatsa sun raba shi. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024 abin alfahari ce, ganga 650,000 ba wasa ba, amma a Lekki take, bakin teku. Ga mutumin Potiskum tsugune ba ta ƙare ba, tankar nan dai ita ce.

Shi ya sa na saɓa da 'yan uwana masu cewa a dawo da tallafi kowa ya huta. Na san zafin da ke sa su faɗa. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, idan lita tana dubu, aikin yini guda bai wuce lita uku ba. A nan kuwa, ko a lokacin da galan ya kai dala 5, mai karɓar dala 7.25 a awa yana sayen sama da lita biyar da aikin awa ɗaya. Ba na zaune a Houston in ce wa mai wannan hali ya yi haƙuri. Amma mu tuna yadda zamanin tallafin yake. A wancan zamanin, tun daga 1975, akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon mai zuwa arewa don lita ta zama kuɗi ɗaya ko'ina. A takarda ke nan. Sau nawa mutumin Gashuwa ko Geidam ya sayi mai a farashin gwamnati? Gidan mai a rufe, yaro a bakin ƙofarsa da galan da mazurari. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma wani kaso na man a Maraɗi da Garwa aka ƙone shi. Ko kaɗan daga cikin kuɗin nan aka ware, da an taɓa bututun Kaduna zuwa Kano.

Ni da a ce gwamnoninmu da sanatocinmu za su haɗa baki a kan abu ɗaya, da na ce ya zama wannan: a gyara bututu, a tsare shi, a raya depo-depo, ko a ɗora mai a jirgin ƙasa. Ba maganar naira hamsin ko ɗari a kan lita kaɗai ba ce. A watan Oktoban 2024 tanka ta kife a Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka fito ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. An yi ta zagin mamatan a Facebook wai kwaɗayi ya kai su. Ban ji mutum nawa suka tambayi abin da ya sa lita dubu talatin da wani abu ke ratsa tsakiyar gari da daddare ba.

Da na gama wannan dogon bayanin a waya, Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, duk na ji. Yanzu dai nawa za ka turo? Mashin ɗin yaron nan kwana uku ke nan a jingine." Na tura. Washegari da asuba na tsaya a Ehrenberg na cika tankuna biyu har wuya, sannan na hau gada.