An ba Umma man kifi, ba wanda ya tambaye ta komai

Wai me zai ragu a jikin likita ko mai kemis idan ya buɗe baki ya ce, "Akwai abincin da jikinki ba ya so?" Tambayar ba ta cin minti guda, amma sai ka yi ta zaryar asibiti ba ka ji ta daga bakin kowa ba. Idan ma an yi ta, a kan kulorokwin da Septrin take tsayawa. Abinci kuwa ba ya cikin lissafi, alhali akwai magunguna birjik da daga jikin kifi da dangin jatan lande ake fitar da su.

Umma tun tana budurwa kifi ba ya karɓarta. Ko doya aka soya mata a man da aka soya kifi, sai borin jini ya feso mata, leɓe ya kumbura. Duk dangi sun sani. Gwaji ya nuna kitse ya yi yawa a jininta, likita ya rubuta mata omega-3. A kemis aka buɗe kwalba, aka ƙirgo kafso aka zuba a 'yar leda, aka ce ɗaya safe ɗaya dare. Babu kwali, babu takardar da ke cikinsa. Ta sha, gyatsa ta zo mata da ƙarnin kifi, kafin wani lokaci jiki ya tashi ruɗu-ruɗu, muryarta ta dushe, sai asibiti.

Abin da ya fi ƙona min rai amsar da na samu daga baya. Yaron kemis cewa ya yi, "Haba Hajiya, ai bitamin ne, kowa ma yana sha." Likitan kuma ya ce ai Mama ba ta faɗa masa ba. Ta faɗa masa me? Dattijuwar da ba ta jin Turanci, ina za ta san omega-3 man kifi ne? Wanda ya yi shekaru yana karatun magani shi ya sani, a wuyansa tambayar take.

Kada wani ya ce ina tsorata mutane. Na san abin da ke tayar da borin jini furotin ne da ke cikin tsokar kifi, man da aka tace sosai kuwa kaɗan ne ƙwarai yake saura a cikinsa, shi ya sa mutane da dama masu wannan larura suke sha lafiya. Na kuma san rashin jituwa da kifi daban, na jatan lande da ƙaguwa daban, domin furotin ɗin ba ɗaya ba ne. To amma tacewar ba iri ɗaya ba ce a kowane kamfani, musamman waɗanda ake sayarwa da sunan ƙarin lafiya. Ko omega-3 mai tsada da likitocin Amurka ke rubutawa, takardarsa ta fito fili ta ce a yi hattara da mai borin jinin kifi ko jatan lande, a sanar da shi haɗarin, ya kuma dakata ya nemi asibiti da zarar ya ga alama. Dokar Amurka ta 2004, wadda ta fara aiki a 2006, ta tilasta a rubuta a jikin kwalin abinci da na ƙarin lafiya idan akwai kifi a ciki, har da irin kifin. Kenan gargaɗin yana nan, da shi kayan Amurka suke shigowa ƙasar nan. A kan kanta ake raba shi da mara lafiya, a jefa kwalin a kwandon shara, a miƙo maka leda.

Kuma ba masu kitsen jini kaɗai abin ya shafa ba. Mai ciki ta je awo, a ce ta sayi bitamin mai DHA, wani nau'in omega-3, don ƙwaƙwalwar jariri, da yawansa daga kifi yake. Yaro ya rame, maƙwabciya ta ce a ɗura masa man hantar kifi. Tsoho yana kukan gwiwa, a miƙo masa gulukosamin, wanda galibi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake yin sa. Ga man kiril da 'yan talla ke yawo da shi a WhatsApp suna cewa ya fi man kifi, ba sa faɗin cewa kiril ɗan uwan jatan lande ne. Abin takaicin, akwai omega-3 da ake samu daga gansakukar teku, babu kifi a cikinsa ko kaɗan. Da an tambayi Umma, da shi za a nemo, ko a canja mata magani gaba ɗaya.

Sai kuma abin da ke faruwa idan jikin ya riga ya tashi. Kowa Piriton ya sani. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya fara toshewa. Idan numfashi ya sarƙe, ko harshe ya kumbura, ko jiri ya kwashi mutum, allurar adiranalin a cinya ita ce magani na farko, kuma mintoci ake ƙirgawa. Masu kemis nawa ne aka koya wa wannan kafin a bar su suna ƙirga wa jama'a kafso?

NAFDAC da hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna, PCN, ku nake kira. A hana sayar da irin waɗannan magunguna tsirara ba kwali. A sa masu shigo da su su manna "akwai kifi a ciki" da manyan baƙaƙe, da Hausa da sauran harsunanmu, har da hoton kifin saboda wanda bai yi boko ba. A katin asibiti kuma a ware gurbi a shafin farko, kada likita ya ɗora biro a takardar magani sai ya cike shi.