Ihun Klaus Kinski da masu tura shi da dariya

Sau uku a makon nan ana turo mini bidiyo ɗaya a WhatsApp. Wani Bature cikin fararen kaya yana tsaye a dajin Peru, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana zazzaga wa wani mutum ashar da Jamusanci. Duk wanda ya turo sai ya liƙa masa fuskar nan mai dariya har da hawaye. Mai ihun shi ne Klaus Kinski, jarumin finafinai Bajamushe. Wanda ake yi wa ihun kuwa Walter Saxer ne, manajan shirin fim ɗin Fitzcarraldo, kuma a kan abinci rigimar ta taso. Tunda 2026 ce shekarar cikar Kinski ɗari da haihuwa, na san irin wannan bidiyo ƙaruwa zai yi, tare da tsohuwar waƙar da ake raka shi da ita: wai mahaukaci ne amma gwani, kuma wai ba don haukan ba da babu gwanintar.

Wannan magana ce ta dame ni.

Ba na jayayya da gwanintarsa. An haife shi ran 18 ga Oktoba 1926 a Zoppot, garin da yau ake kira Sopot a Poland. An sa shi soja yana matashi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka kama shi, kuma a sansanin fursunonin yaƙi ya fara hawa dandamali. Da ya koma Jamus sai ya yi suna wajen tsayawa shi kaɗai yana karanta waƙoƙi da ka, zaure ya cika. Ya fito a finafinai sama da 130, galibinsu na neman kuɗi ne kawai, kuma shi kansa bai ɓoye hakan ba. Guda biyar da ya yi da darakta Werner Herzog tsakanin 1972 da 1987 su ne suka ɗaga shi. Wanda ya taɓa ganin idanunsa a Aguirre, na farko a cikinsu, ba zai manta ba.

Amma a dubi wanda ya biya kuɗin wannan "haukan". A lokeshan ɗin Aguirre, kamar yadda Herzog da kansa ya ba da labari, hayaniyar ma'aikata masu karta a wata bukka ta dami Kinski, sai ya ɗauki bindiga ya harba cikinta, harsashi ya cire wa wani kan yatsa. A Fitzcarraldo tsiyarsa ta kai shugabannin 'yan asalin yankin suka zo wa Herzog da tayin su kashe masa shi. A Cobra Verde, wanda aka ɗauki babban ɓangarensa a Ghana, har da tsohon gidan bayi na Elmina, cin mutuncin yau da gobe ya sa mai ɗaukar hoto Thomas Mauch ya ajiye aiki ya kama gabansa. Mauch ɗin nan shi ne ya riƙe kyamara a Aguirre da Fitzcarraldo. Hotunan da ake yabo nasa ne, amma ba a tura bidiyonsa.

Kuma ni ban yarda hauka ba ne. Mahaukaci ba ya zaɓen wanda zai jefa. Wannan mutumin, da ake shirin fim ɗin Nosferatu, yakan zauna kusan awa huɗu kullum ana yi masa kwalliyar dodo, bai ce uffan ba. Claudia Cardinale da Eva Mattes, manyan jarumai da suka yi aiki da shi, sun yi magana a kansa da taushi, suna cewa mai ladabi ne. Kura ta san gidan mai babbar sanda. Tsawarsa ta fi faɗawa kan manaja, da mai fitila, da mai ɗaukar kaya, mutanen da in suka mayar da martani abincinsu ne zai tafi. Wannan a ko'ina sunansa zalunci.

Herzog ma ba zan wanke shi ba. Sau huɗu yana komawa ga mutumin da ya ga ya harbi bukka da mutane a ciki. Bayan Kinski ya mutu a California ran 23 ga Nuwamba 1991, sai Herzog ya tattara hotunan rigingimun ya yi fim da su a 1999, kuma ta nan bidiyon da ke yawo a wayoyinmu ya shahara. Wato fushin ma haja ne. An sayar da shi yana raye a shirye-shiryen hira na talabijin, inda ake gayyatarsa da fatan ya fashe, an kuma ci gaba da sayar da shi bayan ransa.

Sai Janairun 2013. Babbar 'yarsa Pola ta fitar da littafi, ta ce mahaifin nata ya yi ta lalata da ita tun tana shekara biyar har ta kai 19. Ta ce abin da ya sa ta buɗe baki shi ne ta gaji da jin ana yabon ubanta ana kiransa haziƙi. Ƙanwarta Nastassja, wadda ita ma fitacciyar jaruma ce, ta goyi bayanta a fili, ta ce ita ma cikin tsoronsa ta tashi. Bayan wannan, duk wanda zai kalli mutumin yana kumfar baki ya ce nishaɗi yake yi, to ya san abin da 'ya'yan suka riƙa gani a gida yake wa dariya.

Za a ce a raba mutum da fasaharsa. Masu faɗin haka su ne ba su raba ba, don ihun suke turawa ba wasan ba. Za a kuma ce ya mutu, ba zai iya kare kansa ba. To da yana raye wa ya isa ya yi magana? Wai kuma babban wasa sai da babban fushi. Bruno Ganz, ɗan Suwizalan da ya fito tare da shi a Nosferatu, ya taka rawar Hitler a 2004, ya yi ihun da duniya ta haddace, aka ce "kat" ya koma mutum, bai cire yatsan kowa ba.

Ban ce a ƙone finafinan ba. Ɗaruruwan mutane ne suka zuba gumi a cikinsu, har da waɗanda suka ja jirgin ruwa na gaske suka haye tudu da shi a Peru. A nuna su. Amma gidajen silima da tashoshin Jamus da za su tuna da shi a wannan shekara su faɗi labarin gaba ɗayansa, su ba ma'aikatan da ke raye dama su yi magana, su daina sa ihun a talla.

Shi kuwa abokina na uku da ya turo mini bidiyon, na mayar masa da sunan Pola na ce ya bincika. Ya karanta, alamar shuɗiya ta fito, har yanzu bai amsa ba.