Gobara a Karkarar Zazzau: Wa Zai Tare Wuta Kafin Motar Kwana-kwana Ta Iso?

Duk shekara, da zarar an gama girbi iskar hunturu ta fara busowa, maganar gobara takan dawo bakin mutane a ƙasar Zazzau. Idan ta tashi a kasuwar Sabon Gari ko a wani gida a Tudun Wada, kafin magariba hotunanta sun karaɗe Facebook, manya sun je jaje, an yi alkawarin kafa kwamiti. Wadda ta tashi a ƙauye kuwa, ta lashe rumbuna biyar da ɗakuna uku da 'yan awakin da aka ɗaure a turke, babu mai jin labarinta sai dangi da waɗanda za a bi daga baya ana neman rancen hatsi. Ga manomi, rumbu shi ne albashinsa na shekara, shi ne kuɗin makarantar 'ya'yansa, shi ne kuma irin da zai shuka baɗi, amma asararsa ba ta shiga lissafin kowa.

Na taɓa ganin irin wannan gobara da idona a wani ƙauye da ke kan hanyar Soba, inda na je biki wurin dangin mahaifiyata. Da la'asar sakaliya aka ji ihun mata daga wani gida a gabashin gari, kafin mu ƙarasa wurin wuta ta bar ɗakin girki ta kama harawar da aka jibge a kan rumfa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan mutanen da suka fito da kuma ƙarancin abin da suka iya yi. Rijiya ɗaya ce a kusa, guga ɗaya ne a bakinta, mutum ya fi talatin ya kewaye ta kowa riƙe da bokiti yana jiran layi, wasu samari kuma suna ta dukan harshen wuta da rassan darbejiya. Wani kawuna, dattijo da ya haura saba'in, shi ne ya daka wa samarin tsawa ya ce su rabu da ɗakin da ya riga ya kama, su je su kwantar da dangar kara da ke tsakanin gidan da na maƙwabta. Wani yaro ya ce, "Baba, ai dangar mutane ce," bai ko kalle shi ba ya sa hannu ya fara ture ta da kansa. A daidai inda aka kwantar da dangar wutar ta tsaya. An buga waya gari tun da farko, amma lokacin da taimako ya iso, toka ake tonawa ana neman abin da ya rage na dawa.

Ba na ganin laifin 'yan kwana-kwana a wannan rana, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu daina ɗora musu laifin da ba nasu ba. Wuta tana da lissafinta wanda ba ya jiran kowa. Gwaje-gwajen da masana suka yi a Amurka sun nuna cewa ɗakin zamani mai katifa da kujerun soso yana iya kamawa baki ɗaya cikin ƙasa da minti biyar, alhali ɗaki mai kayan katako da auduga irin na da yakan kai kusan rabin awa. Jinka da zana da karan dawa da suka sha ranar Disamba ba su fi soso haƙuri ba, musamman idan iska tana kaɗawa. To motar da za ta taso daga cikin Zariya, ta ratsa cunkoson Kwangila ko na Ƙofar Doka, ta hau titi, sannan ta sauka kan hanyar burji zuwa wani ƙauye a Giwa ko Kudan ko Maƙarfi, ko da direbanta aljani ne ba za ta riski waɗannan mintoci ba. Idan ta iso ma, ruwan da ke cikinta lita dubu kaɗan ne, wanda mesa ke zuƙewa cikin 'yan mintoci, daga nan sai a koma neman inda za a sake cika ta. Masu jifan motar kwana-kwana saboda ta makara, ko saboda ruwanta ya ƙare, suna huce haushinsu ne a kan mutumin da ya zo da abin da aka ba shi.

Tarihin aikin ma ya nuna cewa tun asali ba don ƙauye aka tsara shi ba. A Legas ya fara a 1901 a matsayin wani sashe na rundunar 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, daga baya jihohi suka kafa nasu. Duk inda aka ajiye mota, an ajiye ta ne kusa da ofisoshin gwamnati da manyan kasuwanni da masana'antu da filayen jirgin sama. A nan Zariya, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964 dole ne ta riƙe motocin kashe gobara domin ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta wajabta hakan, amma babu wata ƙa'ida da ta wajabta ajiye ko da duro biyu na ruwa a bakin kasuwar ƙauye. Mutanen karkara sun ci gaba da dogaro da abin da suka gada, kuma abin da suka gada ba abin rainawa ba ne. Kakanninmu sun san dalilin da ya sa ake gina rumbu nesa da murhu, sun san amfanin share ciyawa a kewaye gari kafin a fara ƙona daji, sun kuma san cewa soro mai rufin azara da ƙasa, irin wanda magina na zuriyar Babban Gwani suka shahara da shi a birni, ya fi jinka jure wa wuta. A da, mai unguwa yakan sa a yi yekuwa idan sanyi ya shigo, a gargaɗi mata su kashe wuta kafin su kwanta, a ja kunnen masu shiga ɗaki da kaskon jin ɗumi. Yau yekuwar ta yi ƙaranci, ga shi kuma an ƙara wa gidajen fetur a jarka, da janareta, da tukunyar gas, da wayoyin lantarki da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, abubuwan da ilimin kakanni bai san da su ba.

Nan ne hatsarin yake. Mutumin da ya tashi da sanin cewa ruwa ne maganin wuta zai watsa shi a kan fetur ko man gyaɗan da ya kama a kasko, wutar ta bi ruwan ta bazu. Zai watsa shi a kan waya mai wuta a jiki, a yi asarar rai a kan asarar dukiya. Zai ɓalle ƙofa da taga domin hayaƙi ya fita, bai san iska ya buɗe wa wutar ba. Waɗannan abubuwa ba su buƙatar digiri, horon kwana biyu ya isa a fahimce su, amma sai an sami wanda zai koyar da wanda aka ɗora wa alhakin koya.

Ra'ayina shi ne kowace gunduma a karkarar Zazzau ta sami ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara, mai mutane sanannu, da shugaba, da horo, da ɗan abin aiki. Wannan ba baƙon tunani ba ne a duniya. A Amurka, inda Benjamin Franklin ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin Filadelfiya tun 1736, har yau kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, kuma yawancinsu a ƙananan garuruwa suke. A Jamus 'yan sa-kan sun kai kusan miliyan ɗaya, manomi da makaniki da malamin makaranta kowa yana sana'arsa, idan ƙararrawa ta kaɗa ya ajiye ya ruga. Ƙasashen nan ba talauci ne ya sa su hakan ba, lissafi ne: babu gwamnatin da za ta iya ajiye ma'aikaci mai albashi a kowane ƙauye yana jiran wutar da wataƙila sau ɗaya za ta tashi a shekara.

Mu kuwa ba sai mun aro tsarin daga wani wuri ba, domin muna da gayya, wadda ta ginu a kan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda suka saba da faretin asuba da bin umarnin kwamanda, suke kuma tsayuwa a rana ranar Idi ba tare da an biya su ko sisi ba. A yankunan da ke da majami'u, irin su Wusasa, akwai ƙungiyoyin matasa masu irin wannan tarbiyya. Ga 'yan sintiri da ba sa barci da dare, ga 'yan acaɓa da suka san kowace 'yar hanya, ga manoman rani na bakin Galma da Kubanni waɗanda da yawa daga cikinsu suke da injin ban-ruwa da doguwar mesa. Injin da ke shayar da tumatir da albasa, idan aka ɗora shi a kan babur ko amalanke aka kai shi bakin kududdufi, zai yi aikin da bokiti hamsin ba za su yi ba. Abin da ya rage shi ne a san tun kafin ranar tsiya injin wa za a ɗauko, wa zai ɗauko shi, daga ina za a ja ruwa, wa zai katse lantarki, wa zai ƙirga yara, wa kuma zai buga 112, lambar kiran gaggawa, ya yi kwatance mai kyau. A gobarar da na ba da labari, duk waɗannan mutane suna nan, sai dai babu wanda ya san aikinsa in ban da dattijo ɗaya.

Na san za a ce wannan hanya ce ta sauke wa gwamnati nauyinta, kuma masu faɗin haka suna da hujja, domin mun sha ganin inda jama'a suka gyara hanya ko suka gina aji da kuɗinsu, hukuma ta mayar da abin al'ada ta janye hannunta. Amma a wannan tsari aikin gwamnati ƙaruwa zai yi. Jami'an hukumar kashe gobara ta jiha su ne za su fita su horar, su ne za su duba kayan aiki, ƙananan hukumomi kuma su sayi abin kashe wuta na hannu da tankunan ruwa da takalma da safar hannu. Batun ruwa ma yana nan a wuyan gwamnati. An ƙaddamar da matatar ruwa mai ƙarfin lita miliyan 150 a kullum a Zariya a 2017, amma amfaninta ga mai kashe gobara sai idan akwai famfunan gaggawa masu aiki a bakin kasuwanni da manyan mahaɗu, inda mota za ta cika cikinta ba tare da ta yi doguwar tafiya ba.

Akwai wata fargabar da ta fi wannan nauyi a wurina. Ƙungiyar matasa mai kaki da shugaba abu ne da ɗan siyasa ke kwaɗayi, kuma da zarar an fara raba alawus, sunayen da za su cika takarda ba su ne za su fito da tsakar dare ba. Saboda haka nake ganin zaɓen mutane ya kamata ya kasance a hannun dagaci da masu unguwanni da limamai, a ƙarƙashin kulawar hakimi, a kuma bar shi aikin lada kamar yadda wankan gawa da haƙar kabari suke. Masarautar Zazzau, da Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli ke jagoranta tun 2020, tana da hanyar isar da saƙo har ƙaramar unguwa, wadda babu ma'aikatar da ke da irinta. Dole kuma a shata wa 'yan sa-kan iyaka: aikinsu fitar da mutane da tare wuta kada ta yaɗu, ba kutsawa cikin ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe ba, domin hayaƙin ne ke kashe mafi yawan waɗanda gobara ta ritsa da su tun kafin wutar ta taɓa jikinsu.

Wurare biyu ne nake so irin waɗannan ƙungiyoyi su fara sa wa ido. Na farko tsangayu. A watan Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar da ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, jihar Zamfara, kuma duk wanda ya san yadda tsangayunmu suke, yara da yawa a ɗaki mai ƙofa ɗaya, ga kara da aka tara domin wutar karatu a jingine da bango, ya san abin da ya faru can yana iya faruwa a nan. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama. Matsar da tarin kara taku ashirin daga ɗakin kwana, da fasa ƙofa ta biyu, da ajiye bokitan yashi, ba su kai kuɗin buhun masara ba. Na biyu garuruwan da ke bakin babban titin Kaduna zuwa Kano da na Funtuwa, inda tankokin mai ke wucewa dare da rana. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka mutu bayan tanka ta faɗi jama'a suka taru kwasar fetur, watanni uku bayan haka aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko a jihar Neja. A irin wannan wuri babu abin da motar kwana-kwana za ta tsinana idan ta iso bayan fashewa. Abin da ake buƙata shi ne mutum goma 'yan gari, waɗanda ake jin maganarsu, su ja igiya su kori jama'a nesa, su hana kunna babur ko ashana a kusa, su tsaya a kan haka ko da za a zage su, har jami'ai su ƙaraso.