"Mun gane" ba shaida ba ce a darasin kimiyya

Malami ya gama darasin abubuwa masu rai da marasa rai, ya ce "Kun gane?", aji ya amsa baki ɗaya. Ranar jarrabawa wanda ya haddace rubutun allo ya cinye maki. Amma ja yaron nan gefe ka tambaye shi da Hausa ko wuta na da rai. Zai iya ce maka tana da shi, tunda tana ci tana girma, ita kuwa bishiyar kuka babu, ai ba ta motsi. Tun shekarun 1920 masanin tunanin yara Jean Piaget ya bayyana irin wannan tunani na yara, kuma tambayar cike gurbi ba ta tono shi.

Tsarin ilimin Najeriya ya tanadi awon yau da kullum, wato CA, tun 1977. A makarantu da dama ya koma gwajin takarda sau biyu a zango. A ganina nan ne aka yi asarar.

Akwai hanya mai araha da masu binciken koyar da kimiyya Richard White da Richard Gunstone suka yaɗa a 1992: yaro ya yi hasashe, ya gani da idonsa, sannan ya yi bayani. A darasin nutsewa da tasowa a ruwa, ana bukatar bahon ruwa, allura, ƙwarya, dutse da lemu biyu. Kafin a jefa komai, yara su rufe ido su ɗaga hannu kan zaɓinsu, don in ido na buɗe, hazikin aji kawai za su bi. Yawanci za su ce mai nauyi ke nutsewa. Sai allura ta nutse, ƙwarya ta tsaya a sama. Lemu mai ɓawo ya taso saboda iskar da ke cikin ɓawon, ɓararre kuwa yakan nutse duk da ya rage nauyi.

A kula da abu biyu. A jefa allurar da tsininta, domin in aka kwantar da ita a hankali tana iya zama a fuskar ruwa. Lemun kuma a ɓare shi har da farin ɓawon, ba irin ferewar 'yan talla ba. Malami ya gwada a gida tukun.

Wurin bayani ake yawan ɓata aikin. "Ai iska ce a ciki, ko?" ba tambaya ba ce, amsa ce aka miƙa. A ce "Me ya sa kake ganin haka?", a yi shiru. Mai binciken koyar da kimiyya Mary Budd Rowe ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in suka kai uku amsoshin yara na ƙara tsawo da ma'ana. A bar yaro ya yi bayani da Hausa ko da zane, don ba Turancinsa ake aunawa ba.

Aji mai yara 80 ba ya hana wannan. A saurari takwas a kowane darasi, cikin darasi goma an zagaye kowa. A rajista a sa 0 ga wanda bai kawo dalili ba, 1 ga wanda ya faɗi abin da ya gani, 2 ga wanda ya kawo dalilin da ya dace, tare da rubuta kuskuren kamar yadda yaron ya faɗe shi. Bayan mako biyu a sake gwadawa da ƙusa da kwanon silba ba tare da an tuna musu darasin baya ba.