Ranar Da Na Ci Ado Zuwa Fadar Da Babu Sarki

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Paris ne ya ja mini. Ya ce ran Asabar da yamma zai kai ni Versailles kallon wasan ruwa da kiɗa da ake yi a lambun fada duk lokacin zafi. Sunan ma abin kallo ne: haruffa goma ake rubutawa, amma bakin Bafaranshe "Bersai" kawai yake cewa ya bar maka sauran.

Ina jin kalmar fada na ɗauko farar shaddata da na kai bugu kafin in baro Kano, na ɗora babbar riga, na karya hula, na zura sabon takalmi sau-ciki. Yaron ya dube ni sama da ƙasa.

"Kawu, lambu fa za mu, ba gaisuwa ba."

Na ce masa yaro man kaza. Na san Faransa ba ta da sarki. Na san a 1789 talakawa suka fito da Louis na 16 daga gidan nan, a 1793 kuma suka fille masa kai. Amma fada fada ce, ba a shigarta da kayan zuwa cefane.

Muka hau jirgin ƙasa na RER C, muka isa wajen takwas da rabi, wai na dare, rana kuwa tana nan daram, don magariba a can sai kusan goma. Abin da yaron bai faɗa mini ba shi ne abin da suke kira lambu ya kai hekta 800. Ni a sanina lambu shi ne inda ake shuka latas da tumatir, ka tsaya a bakinsa ka hango ƙarshensa. Wannan na André Le Nôtre ne, mai tsara wa Louis na 14 lambuna, kuma da alama bai taɓa sa sabon takalmi ba a rayuwarsa. Hanyoyin duk tsakuwa. Kafin mu gangara wajen gunkin Apollo, mai keken dawaki huɗu da ke fitowa daga cikin ruwa, dugaduganina sun fara kumburi.

Gaskiya dai wurin ya haɗu. Ruwa na tashi sama cikin fitilu kala-kala, kiɗan Lully, makaɗin fadar wancan zamani, na fita daga cikin bishiyoyi. Ba kakaki, ba algaita, goge ne zalla, amma ka ji ka san na sarauta ne.

Muna tafiya yaron yana ba ni tarihi. Wai ruwa bai taɓa isar wurin ba, har sai da aka gina wata ƙatuwar na'ura a Marly mai ƙafafun juyi 14 don janyo shi daga kogin Seine, kuma duk da haka bai wadatar ba. Sai masu kula da famfunan suka ƙirƙiro dabara: idan sarki ya doso, a busa usur a buɗe na gabansa, yana wucewa a rufe. Na ce ashe su ma sun san rabon ruwa unguwa-unguwa.

A nan ne wasu baƙi, miji da mata da 'ya'yansu, suka tare ni da fara'a suna nuna waya. Yaron ya raɗa mini: "Kawu, hoto suke so. Sun zaci wani sarki ne daga Afirka." Ya kamata in gyara musu. Ban gyara ba. Na naɗe hannun riga a kafaɗa, na nemi wurin da ya dace da matsayina, na hango wani tafki shiru lumui, babu feshi babu motsi. Na je dab da bakinsa na tsaya, na ɗaure fuska irin ta hakimai.

Ashe hutawa yake tsakanin kiɗa da kiɗa.

Goge na tashi, ruwa ya tashi, iska kuma ta zaɓi ɓangarena. Shaddar da ta sha bugu tana ƙyalli ta koma kamar tsumman goge mota, ta manne mini a jiki. Na zabura zan gudu, takalmin ya ce bai san zancen ba. Baƙin nan kuwa ba su daina ɗauka ba, ƙaramin cikinsu har da tafi.

Wasan wuta da ake rufe taro da shi wajen sha ɗaya saura, wanda saboda shi mutane suka cika wurin, a bayan wani shingen bishiyoyi na ji ƙararsa, ina matse babbar riga daga ni sai 'yar ciki.

A jirgin komawa na zauna ina ɗiga, takalmi a hannu, kujerar gefena ba wanda ya yarda ya zauna. Yaron ya yi ta danne dariya har muka wuce tasha biyu, sannan ya sunkuyo.

"Kawu, ka dai ga kana dosowa aka buɗe maka. Allah ya ja zamaninka."

Na ce idan uwarsa ta ga hoton nan, kuɗin makarantarsa na zango mai zuwa ya nema a wajen Louis na 14.