Wayar da ke biyo bayan fayil

Watan Oktoba ba na samun barcin kirki. A nan Ingila, a cikinsa ne lauyoyi masu ofis ke sabunta takardar izinin aiki, domin sabuwar shekararsu tana farawa ranar 1 ga Nuwamba. Mutum tara nake jagoranta. Mu ke duba waɗannan takardu, da na sababbin masu neman a sa sunansu a rajista, da na masu son buɗe ofis. Ana cikin wannan hada-hada ne bara Yaya ya kira ni daga Tudun Wada. Ɗansa ya gama karatun lauya a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya yi makarantar horar da lauyoyi a Bagauda, an rantsar da shi, sai wata takarda ta maƙale masa a wani ofis.

"Kai da kake irin wannan aiki a Turai," in ji Yaya, "ba ka da wanda za ka yi wa magana ya sa baki?"

Ban ga laifinsa ba. Haka muka taso muka tarar, in fayil ya kwanta sai a nemi mai tashe shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ainihin aikina kenan a nan: in tare irin wannan waya kafin ta kai ga ma'aikacina.

Kada a ɗauka Turawa ba sa neman alfarma. Suna nema, da lafazi mai taushi. Akwai wata yarinya a cikin ma'aikatana, shekararta ɗaya da fara aiki, ta zo teburina da fayil, hannunta na rawa. Mai neman rajistar bai bayyana wani tsohon hukuncin kotu a kan bashi ba, ga shi wani babban lauya ya kira ta sau biyu yana cewa yaron nasu ne, a yi sauri. Na ce ta rubuta ranar da ya kira, da lokacin, da abin da ya faɗa, ta sa a cikin fayil. Sannan na kira shi da kaina, na gaya masa cikin ladabi cewa daga yau ni zai riƙa nema, kuma duk abin da muka tattauna zai shiga rubuce. Bai sake kira ba. Yaron kuwa muka rubuta masa abin da ya rage, da dalili, da wa'adin amsa. Ya kawo bayani, aka duba, aka yanke hukunci a kan abin da ke cikin takarda.

A ganina a nan muka bambanta da gida, ba a kwamfuta ba. Ƙaramin ma'aikaci a Kaduna ba a haife shi da son zuciya ba. Na yi aikin ofis a can kafin in taso, na san yadda ake ji idan mai girma ya aiko, shugabanka kuma ya kau da kai. In ka ƙi, kai kaɗai za ka sha. In ka yi, abin ya fashe, kai kaɗai za ka sha. Wa zai tsaya a kan gaskiya alhali ba shi da bango a bayansa?

Tsari kam muna da shi a Najeriya. Majalisar manyan lauyoyi ce ke rantsar da sababbi, Kotun Ƙoli ke riƙe da rajistar sunaye, kowane lauya yana biyan kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen watan Maris, kuma tun 2015 ake tilasta manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a kan takardun shari'a, domin a toshe wa lauyoyin bogi hanya. Ingila kuwa, da dokar 2007 ta raba aiki gida biyu: masu kare muradin lauyoyi daban, masu sa musu ido daban. Wannan rabo ya fi burge ni a kan komai, domin masu kare muradin lauyoyi, lauyoyin ne ke zaɓarsu, kuma da wuya wanda ka zaɓa da ƙuri'arka ya iya ce maka a'a.

Dalilin da ya sa abin ke ci mini rai, Goggo ce. Bayan rasuwar mijinta, wani mutum mai baƙar kwat ya karɓi kuɗinta a kan zai bi mata maganar gidan gado a Unguwar Sanusi. Tana ajiye rasit ɗinsa a cikin ledar da take sa katin asibiti, ta naɗe da ƙyalle. Wata takwas tana zuwa harabar kotu a Keke Napep, tana zama a inuwa tana jiransa, kafin wani magatakarda ya ji tausayinta ya gaya mata mutumin nan ba lauya ba ne. A nan, da jikarta ta buga sunansa a waya, cikin minti ɗaya rajista za ta nuna ko yana da izini, da ko an taɓa hukunta shi. Duk fayil ɗin da aka wuce da shi don alfarma, wata Goggo ce za ta biya a gaba.

Abu ɗaya na ɗauko daga gida na dasa a ofishina. Kafin mu aika wa mutum takardar ƙi, sai ɗayanmu ya kira shi ya yi masa bayani da baki. Da farko sun ga ɓata lokaci ne. Ni kuwa a Kaduna na koya ba a jefa wa mutum mummunan labari ta ƙarƙashin ƙofa.

Na ce wa Yaya ba ni da wanda zan kira, ko da ina da shi ba zan kira ba. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Daren nan na zauna da ɗan nasa a waya muka rubuta wasiƙa: lambar fayil, ranar da ya miƙa, abin da ake jira daga gare shi, da ranar da zai sa ran amsa. Na ce ya kai da hannunsa, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa, ya koma bayan sati biyu da kwafin a hannu.